Yadda ake auna wurin daidaiton raket ɗin badminton da gyara shi a gida

Sai ka ɗora raket biyu a kan sikeli, kowanne ya ba ka giram 84, amma da ka kaɗa su a iska sai ka rantse ba ajinsu ɗaya ba. Wannan yana bin hannu duk inda ka juya shi, wancan kuwa kansa sai jan wuyan hannunka yake yi ƙasa. Sikeli bai yi ƙarya ba. Bambancin yana wurin da nauyin ya taru ne, ko can wajen kai ko nan kusa da mariƙi. Yadda ake gane haka shi ne a nemo inda raket zai tsaya cak a kan abu siriri, bai rinjaya gaba ba, bai rinjaya baya ba, sannan a auna da milimita daga gindin mariƙi zuwa wurin. Lambar da ta fito ita ce kake gani an rubuta a jikin wasu raket ko a takardar talla, 290 ko 300 ko makamancin haka.

Yawancin raket na yanzu tsawonsu milimita 675 ne, dokar hukumar badminton ta duniya, BWF, kuma ta ce kada ya wuce 680. A kan wannan tsawo, abin da 'yan wasa suka saba ɗauka shi ne ƙasa da 285 kai marar nauyi, daga 285 zuwa 295 tsaka-tsaki, abin da ya haura 295 kuma kai mai nauyi. Wannan ba doka ba ce, kowane kamfani da inda yake jan layinsa. Yonex, alal misali, ya raba nasa gida uku: Astrox masu nauyin kai, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber a tsakiya. Duka faɗin abin bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, shi ya sa awon garaje ba shi da amfani. Kuskuren milimita 5 ya isa ya fitar da raket daga wani aji ya kai shi wani.

Kafin ka fara awo, dubi halin da raket ɗin yake ciki. Lambar kamfani galibi ta raket ne tsirara, ba a saƙa masa zare ba, ba a ƙara masa naɗi a mariƙi ba sai wanda ya zo da shi. Naka da ke hannu kuwa an saƙa shi, wataƙila ka naɗa masa roba ko tawul. Ɗauki raket mai giram 84 da aka rubuta masa 290. Zaren saƙa bai wuce giram uku da rabi ba, amma da yake can a kai yake zaune, yana tura lambar zuwa kusan 300. Naɗa siririyar robar nan mai giram 6 a mariƙi, sai ta dawo wajen 287. Cire ta ka sa naɗin tawul mai kauri da ya kai giram 12, sai ka ga 275. Raket ɗaya ne, lamba huɗu. Don haka duk wanda ya ce maka nasa 295 ne, tambayar farko ita ce da zare ko babu, da naɗi ko babu. In bai sani ba, lambarsa ba ta gaya maka komai ba.

Awon kansa

Kowa da yatsa yake farawa: ka miƙa manuniya, ka ɗora sandar raket a kai, ka riƙa matsar da shi har ya tsaya. Wannan ya isa idan kana shago kana son kwatanta biyu a tsaye, amma yatsa yana da faɗi da taushi, raket zai zauna a kansa ko da ka kauce da santimita guda. Wasu kuma suna cewa a kwantar da raket a kan tebur, a riƙa tura kansa waje har ya fara faɗuwa. A badminton wannan ba ya aiki yadda ake so, domin mariƙi ya fi sanda kauri nesa ba kusa ba. Sandar, mai kaurin milimita 7 ko ƙasa da haka, ba ta ma taɓa bakin teburin, a sama take rataye, sai raket ya juya a kan ƙarshen mariƙi maimakon wurin da kake nema.

Ga abin da nake yi. Ina samun gwangwanin madara babba ko kofi mai faɗin gindi in kife shi a kan tebur, in kwantar da fensir mai zagaye a samansa, in danne bakunansa biyu da salatef don kada ya mirgina. Sai in manna ɗan guntun tef na takarda a sandar raket, wajen da nake zaton abin zai faɗo, saboda kada in ɓata fenti da biro. Fanka a kashe take, taga a rufe, domin fuskar raket tana kama iska fiye da yadda mutum zai zata. Ana ɗora sandar a kan fensir a gicciye, fuskar raket tana kallon rufin ɗaki, sai a riƙa turawa da farcen babban yatsa kaɗan-kaɗan. Za ka zo wurin da in ka saki, kai zai sauka a hankali, ka matsar da ƙiris kuma gindi ya sauka. Tsakanin waɗannan biyun shi ne wurin. Ba lallai sai ya tsaya tamkar an kafa shi ba, in yana lilo sannu bai zaɓi gefe ba, ka samu. Ɗiga alama a kan tef ɗin daidai saman fensir.

Sannan ka jingina gindin raket da bango ko da gefen littafi mai kauri, ka auna daga nan zuwa alamar. Yi amfani da tef na ƙarfe irin na kafinta ko doguwar rula. Tef ɗin tela yana miƙewa idan ya tsufa, kuma a nan milimita muke bi. Cire alamar ka sake yi daga farko har sau uku. In lambobin ba su rabu da fiye da milimita 2 ba, ɗauki ta tsakiya.

Akwai hanya ta biyu ga wanda yake da ƙaramin sikeli na lantarki irin na masu sayar da zinare, wanda yake nuna kashi ɗaya cikin goma na giram. Fara auna nauyin raket gaba ɗaya, a ce giram 88. Sai ka kwantar da fensir ɗaya a kan sikelin ka mayar da shi sifili, wani fensir kuma a kan littafin da tsayinsa ya yi daidai da sikelin. Ɗora raket yadda fensir na littafi zai kasance milimita 20 daga gindi, na sikeli kuma milimita 620 daga gindi, wato tazarar 600 a tsakaninsu. In sikeli ya nuna 40.3, ninka shi da 600, raba da 88, za ka sami kusan 275, ƙara 20 ɗin farko, ka tashi da 295. Sikelin kicin mai tsallake giram guda-guda ba zai yi ba, domin kuskuren giram ɗaya a nan kusan milimita 7 ne.

Ko ba don wannan lissafi ba, sikelin yana da wani amfani, musamman ga mai sayen gwanjo. A tsarin Yonex, 3U giram 85 zuwa 89 ne, 4U 80 zuwa 84, 5U 75 zuwa 79, duk ba tare da zare ba. Zare da naɗi suna iya ƙara giram goma. In an rubuta 4U a jiki amma sikeli ya haura giram 100, to ka san ba abin da aka rubuta ba ne ke hannunka.

Abin da lambar ba ta faɗa

A nan ne nake yawan samun saɓani da samarin zauren da muke wasa. Wani yaro mai hazaƙa ya taɓa kawo mini raket ɗinsa, mariƙin ya yi ƙato kamar an kumbura shi, tawul a kan tawul. Ya ce, "Kawu, auna ka gani, na mayar da shi mai sauƙin kai." Muka ɗora a kan fensir, ga shi nan ƙasa da 275. Na ce, "To ɗana, tsaya gaban raga." Na riƙa watsa masa shatul, wato ƙwallon gashin nan da ake bugawa, a kafaɗar dama da ƙugun hagu da sauri-sauri. Raket ɗin yana zuwa a makare yadda yake zuwa tun da, har ma ya fi, saboda yanzu yatsunsa ba sa iya juya wannan ƙaton mariƙi. Ya tsaya yana duban abin, ya ce, "Kawu, amma ai lambar ta sauka."

Lambar ta sauka, kai bai ragu da komai ba. In ka naɗa tsumma a ƙotar gatari, wurin da zai daidaita a kan yatsa zai matso wajen hannu, amma ruwan gatarin yana nan da nauyinsa, kuma shi za ka ɗaga in za ka yi sara. Abin da hannu yake ji lokacin kaɗa raket ba wurin daidaito ba ne kai tsaye, nauyin kaɗawa ne, shi kuwa yana bin nisan kowane giram daga hannunka, a ninka nisan da kansa. Daga inda ake riƙewa zuwa ƙololuwar kai kusan santimita 57 ne, 57 sau 57 ya ba da 3,249. Abin da ke santimita 5 daga hannu kuwa 25 ne kawai. Ka ga giram ɗaya a ƙololuwa yana yi wa kaɗawa abin da sai giram 130 za su yi a kusa da hannu. Shi ya sa naɗi yake girgiza lambar sosai amma wasa bai canza ba, ɗan tef a kai kuma yake matsar da lambar kaɗan amma hannu ya ji shi nan take.

Ban ce nauyin mariƙi ba ya yin komai ba. Raket yana ƙara zama a tafin hannu, wasu suna jin daɗin haka idan suna jiran sabis, wato bugun fara wasa, kuma kaurin da ya dace da hannunka abu ne mai muhimmanci a kan kansa. Sai dai ka zaɓi naɗi saboda kauri da shan gumi, ba don gyaran kai ba. Haka nan masu kware naɗin kamfani su naɗa roba siririya a kan katako: lambarsu tana hawa sama, suna murna sun sami raket na simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, alhali kai bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Siririn mariƙi suka samu, wanda yake ba yatsu damar aiki, kuma wannan ma riba ce. In za ka yi haka, fara rufe katakon da salatef falle ɗaya, domin gumi yana shiga itace ya ruɓar da shi.

Ƙara nauyi a kai

Wannan shi ne gyaran da yake gyara da gaske, kuma doka ta yarda da shi. Ƙa'idar BWF ta hana maƙala wa raket tarkace, amma ta ware abin da aka sa don hana lalacewa, ko rage girgiza, ko rarraba nauyi, muddin girmansa da wurinsa sun yi daidai da aikin.

Abin da aka saba amfani da shi siririn tef ne na dalma mai gam a baya, irin wanda 'yan tanis da 'yan golf suke sawa. Kafin ka yanka, yi lissafi. Ɗauki nauyin da za ka ƙara, ninka shi da tazarar da ke tsakanin inda za ka manna da wurin daidaito na yanzu, raba da sabon jimillar nauyi. Raket mai giram 88 a kan 295, za ka sa giram 2 a ƙololuwa, wajen milimita 670: tazara 375 ce, sau 2 ya zama 750, a raba da 90, ka sami 8 da ɗoriya. Sabuwar lamba 303. In ka kalli kan raket kamar fuskar agogo, wancan ƙarfe 12 ke nan. In ka raba giram biyun, ɗaya a ƙarfe 3 ɗaya a ƙarfe 9, wajen milimita 550 daga gindi, lambar za ta tsaya kusan 301.

Bambancin wuraren biyu ya fi abin da lamba ta nuna. Ƙarfe 12 yana ƙara ƙarfin simash da dogon bugu zuwa bayan fili, amma shi ya fi rage sauri. Ƙarfe 3 da 9 yana hana fuskar raket murɗewa idan shatul ya bugi gefe, abin da ke yawan faruwa ga wanda bai gama ƙwarewa ba. Ni na fi son wannan ga yawancin mutane. Mai son tsakani sai ya sa a ƙarfe 10 da 2.

Kada ka fara da giram 2. Fara da rabin giram, ko giram ɗaya in ka matsu. Shatul ɗin da muke bugawa gaba ɗayansa, da gashinsa 16, tsakanin giram 4.74 ne da 5.50, to ka ga giram biyu a kai ba ƙaramin abu ba ne. Yanka tef ɗin gida biyu daidai wa daida, ka ɗora kowanne a sikeli don ka tabbata. Goge cikin firam ɗin, wato zoben kan raket, da ɗan sifirit a auduga, ka bari ya bushe. Manna a fuskar ciki, gefen zare, kada ya hau kan 'yan robobin da zare yake bi ta cikinsu, in ba haka ba mai saƙa zai kware shi ranar da zare ya tsinke. Ƙirga ramuka daga ƙololuwa zuwa dama da hagu don gefen biyu su yi daidai, ido kaɗai yana yaudara a nan. Murza shi da bayan cokali har ya kwanta lif, sannan ka rufe da farin salatef siriri.

Dalma guba ce, kuma mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ɗan tef ɗin da aka rufe a jikin raket ba zai yi maka komai ba, amma wanke hannu da sabulu bayan aiki, kada ka yanke shi da haƙori, ragowar kuma a ɗaure a leda a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Akwai tef na tungsten, wani ƙarfe mai nauyi, da ba shi da wannan matsala in ka samu. In duka biyu sun gagara, baƙin tef na masu gyaran wuta yana yi, sai dai ba shi da nauyi, dole ka ninka shi, ka kuma auna a sikeli maimakon kintace. Abin da ba a yi shi ne huda firam, ko ɗura masa gam mai ƙarfi, ko ɗaura waya. Firam ɗin kabon ne, cikinsa ba ƙarfe ba ne, kuma zare yana jansa da ƙarfin fam 20 zuwa 28 ko fiye. Ƙaramin rami ya isa ya zama mafarin tsagewa.

Rage nauyin kai kuwa, gaskiya hanyarsa ƙunci ce. Za ka iya cire tef ɗin kariya in akwai shi a saman firam. Za ka iya komawa zare siriri, daga BG65 mai milimita 0.70 zuwa mai 0.65, ribar ba ta kai giram guda ba, kuma zai fi saurin tsinkewa. Kankare fenti da sanfefa ɓarna ce kawai. Abin da ya fi duka aiki kyauta ne: matsar da hannunka sama a mariƙi da santimita biyu ko uku idan kana gaban raga ko kana tare simash, ka koma gindi idan ka je baya. 'Yan wasan bibbiyu haka suke yi a tsakiyar bugu ba tare da sun ma lura ba. In duk da haka kai yana rinjayarka, raket ɗin ba naka ba ne, yi musaya da wanda yake nemansa.

Gwadawa a fili

Samari da yawa suna ganin Viktor Axelsen, ɗan Denmak da ya ci zinaren Olamfik a Tokyo da Paris, yana riƙe da Astrox 100ZZ, sai kowa ya ce shi ma kai mai nauyi yake so. Mutumin nan tsawonsa mita 1.94 ne, ya shafe shekaru wannan ne aikinsa safe da yamma. Kai da kake zuwa fili bayan la'asar ka riga ka gaji daga kasuwa ko ofis, kafaɗarka ba tasa ba ce. Nauyin kai yana ƙara ƙarfi ne kawai idan kana iya kaɗa shi da saurin da kake kaɗa marar nauyi. Da zarar saurin ya ragu, ka biya kuɗi ba ka karɓi kaya ba.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da simash biyar na farko, lokacin hannu yana sabo komai daɗi yake yi. Duba wasa na uku, wajen maki 15 zuwa 21. Dogon bugunka yana kai layin baya ko ya fara faɗuwa a tsakiya? Idan aka buga maka a jiki, raket yana isowa a kan lokaci? Bugun bayan hannu fa? Washegari kuma ka saurari gwiwar hannu da kafaɗa. In akwai zogi a bayan gwiwar hannu wanda babu shi a da, kware tef ɗin, kada ka ce za ka saba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya sa tef, ya canza zare, ya ƙara naɗi duk a rana ɗaya, ba zai taɓa sanin wanne ya yi masa aiki ba.

Inda wannan awo ya fi biyan wahalarsa a wurina shi ne daidaita raket biyu. Ko samfuri ɗaya ne daga kwali ɗaya, sukan bambanta da giram ɗaya ko biyu da 'yan milimita, kuma za ka ji haka ranar da zare ya tsinke a tsakiyar wasa ka ɗauko na biyu. Sa musu zare iri ɗaya da naɗi iri ɗaya mai tsawo ɗaya, auna nauyi da wurin daidaiton kowanne, sannan ka kai marar nauyin zuwa ga mai nauyin, tunda ragewa tana da wuya. In ya gaza a nauyi kuma lambarsa ta fi ƙasa, tef ya tafi kai. In ya gaza a nauyi amma lambarsa ta fi sama, tef ya shiga ƙarƙashin naɗi a gindi. In lambobin daidai suke nauyi kawai ya rage, naɗa shi a sanda daidai wurin daidaito. Rubuta lambobin a ɗan tef na takarda ka manna a gindin kowanne, tare da ranar awo.

Sake dubawa lokaci-lokaci, musamman idan yanayi ya juya. Ƙurar hunturu tana shiga bakin tef ta busar da gam har gefe ɗaya ya ɓalle ba ka sani ba, sai ka ji raket yana murɗewa a hannu. Zafin bazara kuma, in aka bar jaka a but ɗin mota, yana narkar da gam ya sassauta zare. Da damina naɗin tawul yana shan gumi da laima ya ƙara nauyi, don haka in za ka auna, bari ya bushe tukuna ko ka sa sabo.